Murhun Ƙarfe a Gidajen 'Yan Mulkin Mallaka: Wa Ke Tsaye a Gaban Wutar?

A tsofaffin gidajen Turawa da aka mayar gidajen tarihi, daga Kanada zuwa Afirka ta Kudu har New Zealand, da wuya a rasa wani baƙin akwatin ƙarfe a ɗakin girki, mai nauyin da sai ƙarti sun taru kafin su gusar da shi. A gefe guda yana da ɗakin wuta inda ake zuba itace ko kwal, a ɗaya gefen tanderu na gashin burodi da nama, samansa shimfiɗaɗɗe da ramuka masu murafe inda ake ɗora tukwane, sai bututu da ke jan hayaƙi ya fitar ta rufi. Labarin da aka saba bayarwa a kansa shi ne kayan ci gaba ne da Bature ya ɗauko daga gida ya zaga duniya da shi, ya karɓu wurin waɗanda suka waye, waɗanda ba su waye ba suka ci gaba da girki a kan duwatsu. Wannan labari bai zauna daidai da hujjojin da ke ƙasa ba. Abin da ya yanke wa murhun ƙarfe hukunci a kowace ƙasar mallaka shi ne nisan da ke tsakanin mai sayensa da mai tsayuwa a gabansa. Inda mai shan zafin wutar take cikin iyalin gidan, an yi ta gyara murhun, aka daidaita shi da makamashin ƙasar, aka koyi zuba shi a wurin, har ya zama ɗan gari. Inda kuwa bawa ko bara ne ke girkin, an tura murhun bayan gida tare da mai hura shi, ya zauna yadda jirgi ya kawo shi, baƙo har ranar da masu shi suka tattara suka tafi.

Ƙirarsa ta bambanta da wadda maƙeranmu suka sani, ta dukan jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Ƙarfen zubi narkar da shi ake yi ya zama ruwa, a kwarara shi cikin ramin da aka shata a damammen yashi, ya sandare da siffar ramin. Yana da gautsi, in ya faɗi yana iya tsagewa, amma yana jure wuta, yana riƙe zafi ya daɗe, kuma da siffa ɗaya ana iya zuba ɗaruruwa. Sinawa sun san wannan fasaha ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. A Ingila, Abraham Darby ya yi rajistar dabarar zuba tukwane a yashi a 1707, sannan a 1709 ya fara narkar da tama da toyayyen kwal maimakon gawayi a Coalbrookdale, abin da daga baya ya karya farashin ƙarfen. A 1759 aka kafa masana'antar Carron kusa da garin Falkirk a Sikotland, kuma wannan yanki ne ya zama cibiyar zuba murahun da aka riƙa lodawa zuwa ƙasashen daular Birtaniya. Thomas Robinson ya yi rajistar murhun girki mai tanderun ƙarfe a 1780, George Bodley na garin Exeter kuma ya rufe saman wutar da faranti a 1802. Rufewar nan ita ce ainihin sauyin. Buɗaɗɗiyar wuta tana aika mafi yawan zafinta sama tare da hayaƙi. Da aka tsare ta cikin akwati sai aka sami ikon tilasta wa zafin ya zagaye tanderu kafin ya fita, ana ƙara masa iska ko a rage da 'yan ƙofofin da ke jikin bututun.

Akwai kuskuren da ya kamata a kawar tun da wuri, wato ɗaukar cewa gidajen Amurka na zamanin mulkin Ingila, kafin 1776, da irin wannan murhu suke girki. Yawancinsu a buɗaɗɗen murhun da aka gina a jikin bango suke dafa abinci, tukunya na rataye a ƙugiya bisa harshen wuta. Ingilawa suna son ganin wuta da idonsu, kuma daji ya yi musu yawa har ba su ga dalilin tattali ba. Masanin tarihi William Cronon ya nuna cewa gida ɗaya a New England kan ƙone itacen da ya haura kubik mita 100 a shekara. Waɗanda suka shigo da murhun faranti su ne Jamusawan da suka zauna a Pennsylvania, domin sun san shi tun daga gida. Nasu na farko faranti biyar ne da aka harhaɗa aka manna a bango, ana tura masa itace daga ɗakin girki ta cikin bangon, jikinsa da zanen ƙissoshin Baibul. Na ɗumama ɗaki ne. Haka ma wanda Benjamin Franklin ya ƙirƙira a farkon shekarun 1740, ya ƙi yin rajistarsa don kowa ya amfana, shi ma ba na girki ba ne. Sai a shekarun 1760 mai faranti goma ya fito da ɗan tanderu a cikinsa. A Kanada ta Faransawa, masana'antar Saint-Maurice da ke kusa da Trois-Rivières ta fara zuba murahu a shekarun 1740. Abin lura a duk waɗannan shi ne a ƙasar ake zuba su, don manoman da suka zo zama, waɗanda matansu da 'ya'yansu mata ne ke girki. Dokar ƙarfe da majalisar Ingila ta kafa a 1750 ta hana Amurkawa gina sababbin injinan sarrafa ƙarfe da tanderun ƙarfe mai tauri, amma ba ta taɓa zubi ba, don haka sana'ar ta ci gaba. Murhun girki sosai ya bazu ne daga shekarun 1830, biranen Albany da Troy suka zama matattarar masu zuba shi. A nan ma rabuwar ta fito fili. A Arewacin Amurka, inda uwargida ce mai girki, ya shiga gidaje da sauri. A manyan gonakin Kudu da yawa, inda bayi ke girki a wani ɗaki daban a bayan gida, buɗaɗɗen murhu ya daɗe yana aiki, har sai da yaƙin basasa ya kawo ƙarshen bauta a 1865.

Misalin da ya fi kowanne bayyana al'amarin yana New Zealand. Turawan da suka je kama wuri zauna a can sun yi ta kukan rashin barori, domin yarinyar da ta sauka daga jirgi don aikatau ba ta daɗewa take samun miji ko wani aikin da ya fi. Matar manomi, har da matar ɗan kasuwa mai rufin asiri, ita ke girkinta. Murahun da ake kawowa daga Birtaniya an ƙera su ne don kwal mai kyau na can, kuma sai magini ya gina su cikin bulo kafin su yi aiki. Kwal ɗin yankin Otago kuwa mai laushi ne, mai ɗanshi, mai tara toka, ba ya ci da kyau a cikinsu. Henry Shacklock, wani mai zubin ƙarfe da ya yi ƙaura daga Ingila ya zauna a Dunedin da ke yankin Otago, ya ji wannan kuka daga masu sayen kayansa. A 1873 ya zuba murhun da ɗakin wutarsa ke da faɗi ba zurfi, yana jan iska sosai, yana cin wannan kwal mai araha, kuma ana iya girke shi a ɗaki ba tare da ginin bulo ba. Ya sa masa suna Orion, ya ci gaba da fitar da shi iri-iri, manya da ƙanana, wasu da tankin ruwan zafi a gefe, har ya zama murhun da gidajen ƙasar suka fi sani shekaru da dama. A Ostireliya ma haka aka yi. An fara da akwatin ƙarfe mai sauƙi da ake hura wa wuta sama da ƙasa, sannan Frederick Metters ya kafa masana'antarsa a Adelaide a 1891. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran ya samu ne saboda wadda hayaƙi ke shiga idonta tana kwana ɗaki ɗaya da mai riƙe da kuɗin, kukanta na isa kunnensa kullum, daga nan ya isa kunnen maƙeri.

Mai karatu da ya san aikin masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan zai ɗaga hannu a nan, kuma yana da hujja mai ƙarfi. A littafinta na 1983 ta nuna cewa murhun ƙarfe aikin namiji ya rage, tunda saran itace da jigilarsa nasa ne, ya kuma ƙara na mace. Da tukunya ɗaya ake dafa komai a haɗe. Da murhu mai ramuka da yawa da tanderu ya zo, sai miji da baƙi suka fara sa ran abinci kala-kala da burodi da kek. Ga kuma hidimar murhun kansa. Kullum sai an kwashe toka, a tankaɗe ta a tsince kwal ɗin da bai gama ci ba, a share bututu, a goge jikinsa da baƙin shafi na ma'adinin da ake sa wa fensir don kada ya yi tsatsa. Wata makarantar koyon aikin gida a Boston ta auna wannan a 1899: cikin kwana 6 an zuba wa murhu ɗaya kwal sama da kilo 130, hidimarsa kuma ta ci kusan awa ɗaya kowace rana, goge shi kaɗai ya ɗauki fiye da awa biyu a cikin kwanakin. Babu ma'aunin zafi, sai mai girki ta zura hannu cikin tanderu ta ƙirga, ko ta barbaɗa gari ta ga saurin da zai yi ja. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na da'awar cewa matar ɗan kama-wuri-zauna ta sami hutu ko an yi mata adalci. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta. Wahalarta wahala ce da ake gani a cikin gida, masu sayarwa suna tallata mata kayan, suna gasa wajen rage mata cin kwal da yawan toka. Lissafin Boston ma shaida ne, domin sai aikin da aka ɗauka da muhimmanci ake zama a ƙirga da agogo.

A ƙasashen da barori 'yan ƙasa ke yi wa Bature girki, lamarin ya sha bamban. A Indiya ɗakin girki gini ne daban a cikin harabar gida, mai girkin namiji ne ɗan ƙasa, kuma yawanci a kan jerin ƙananan murahun bulo ko na laka yake aiki da gawayi. Shahararren littafin kula da gida da Flora Annie Steel da Grace Gardiner suka wallafa a 1888 ya fi mayar da hankali kan koya wa uwargida yadda za ta ba da umarni, ta duba tsabtar kicin kowace safiya, ta riƙe mabuɗin sito. A Kenya da Rodeshiya murhun da aka fi sani shi ne ƙirar Dover, ƙarami mai cin itace, kuma maza 'yan Afirka ne ke tsaye a gabansa. Karen Hansen, a bincikenta na 1989 kan barorin gida a ƙasar da ta zama Zambiya, ta nuna yadda aikin ya daɗe a hannun maza. Kuku zai iya sanin duk aibin murhunsa, inda yake hayaƙi da gefen da yake ƙona burodi, amma ba shi ya zaɓe shi ba, ba shi zai sayi na gaba ba, kuma in abinci ya ɓaci shi za a tuhuma, ba ƙarfen ba. A ganina wannan shi ne babban zaluncin da ke cikin tsarin, fiye ma da zafin kicin ɗin: an ɗauki gwanintar mutum ta zama abin toshe gibin kayan aiki, sannan ba a rubuta gwanintar da sunansa ba.

Arewacin Nijeriya na cikin wannan rukuni, har ta fi wasu tsanani. Jami'in mulki yana zuwa ne na wa'adi, ana yi masa canjin gari a kai a kai, yana kwashe watanni yana rangadi, kuma a farkon zamanin ba a cika son ya zo da matarsa ba. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya a kan 'yan dako suke tafiya, kowane ƙunshi bai wuce abin da mutum ɗaya zai ɗauka a ka ba, murhun zubi kuwa ga nauyi ga gautsi. Kuku da boyi su ne ginshiƙin gidan, kicin na can baya kusa da ɗakunansu. Kukun rangadi kan gasa burodi a cikin tukunya ko garwar kananzir da ya lulluɓe da garwashi, ya fitar da abinci kala uku a sansanin da babu ko tebur. Littafin girke-girke da Sylvia Leith-Ross da Geneviève Ruxton suka fitar a Zungeru a 1910 an yi shi ne don irin wannan gida. Za a iya cewa ai matsalar sufuri ce kawai da rashin makamashi. To, dogo ya zo, an kuma gano kwal a Udi kusa da Enugu a 1909, layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal a 1916. Amma kwal ɗin jiragen ƙasa da ma'aikatun gwamnati ya fi ciyarwa, kuma ba a sami sana'ar zuba murhun girki da ta kafu don gidajen ƙasar ba, irin wadda ta kafu a Dunedin.

Babbar suka ga wannan ra'ayi ita ce ta yanayi. Pennsylvania da Kanada da Otago ƙasashen sanyi ne, murhun da ke ɗumama gida alheri ne a can, a Lakwaja kuwa azaba ne, don haka sanyi kaɗai ya isa ya bayyana komai. Sanyi yana da nasa rabo, ba a musa ba, kuma har a Ostireliya an daɗe ana ware kicin daga gida saboda zafi da tsoron gobara. Amma a duba Queensland, ƙasa mai zafi da gumi, inda matan Turawa da yawa ke girki da kansu. Ba a yar da murhun ba, ba a kuma bar mai girki ta gasu ba. Sai aka ɓullo da wani ɗan lungu na kwano da ke turowa waje daga bangon kicin, a girke murhun a ciki, zafinsa ya fita ta kwanon, ita kuma tana tsaye cikin gidanta. A tsaunukan Kenya kuwa, inda dare ke da sanyin da sai an hura wuta a falo, kicin da kukunsa sun ci gaba da zama a gefe. Da yanayi ne kaɗai ke hukunci, da an ga akasin haka a wuraren biyu.

Saura zargin da aka fi jifan mutanenmu da shi, cewa duhun kai ne ya hana murhun bariki ƙetarawa cikin gari. Mutanen da suka karɓi keke da keken ɗinki da fitilar ƙwai da kwanon sha ba a ce musu masu ƙin sabon abu ba. Matar da ke tuƙa tuwon gidan mutum ashirin tana bukatar tukunya mai zagayayyen gindi da ta zauna daram tsakanin duwatsu uku, wuta na lasar ta ko'ina, ta iya danna muciya da ƙarfinta duka, ta ja itace baya in talge ya fara tafasa. Shimfiɗaɗɗen faranti mai tsayi har ƙugu an yi shi ne don tukwane masu faffaɗan gindi, tanderunsa kuma don alkama, abincin da ba shi ne na yau da kullum ba. Ga tsakar gida da ke kwashe hayaƙi ba sai da bututu ba, ga kara da ƙirare da ba sa bukatar a faskara su daidai bakin akwati. Abin da ya dace da bukata an karɓe shi: kurfoti na gawayi, risho na kananzir, da tukwanen alminiyum da masu zubi na Afirka ta Yamma suka fara yi da tarkacen ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna ba su zagayayyen gindi irin na tukunyar ƙasa, domin masu saye su ne masu girkin.

Afirka ta Kudu ce ta haɗa fuskokin biyu a ƙasa ɗaya, shi ya sa hujjarta ta fi nauyi. Masanin tarihi Charles van Onselen ya nuna cewa a Johannesburg, daga shekarun 1890 zuwa 1914, maza baƙar fata, da yawansu Zulu, su ne ke aikin gidajen Turawa, su ke tashi da asuba su kwashe toka su hura murhu. Amma ƙasar tana da kwal mai yawa a yankin Witbank, tana da Turawa 'yan zama da yawa, aka kuma riƙa zuba murhun a Durban. Da aka killace baƙaƙen fata a unguwanni irin su Orlando, wadda aka fara ginawa a farkon shekarun 1930 kuma ta zama tushen Soweto, a ƙananan gidaje marasa lantarki a kan tudu mai tsananin sanyin hunturu, sai murhun kwal ya shiga hannun mutanen da a da suke hura shi don wasu. Iyali kan tara kuɗi ko su saya a kan biya kaɗan-kaɗan, a girke shi a kicin, ya dafa abinci, ya tafasa ruwan wanka, ya zafafa dutsen guga, yara su kewaye shi da dare. Sana'ar masu tallar kwal a amalanken doki ta kafu a kansa. Ya zo da nasa sharrin, domin kwal ɗin da ake sayar wa unguwannin ba mai kyau ba ne, hayaƙinsa kan lulluɓe su safe da yamma a lokacin sanyi, yana jawo cututtukan ƙirji musamman ga yara. Duk da haka, da aka ja wa Soweto lantarki a shekarun 1980, gidaje da yawa ba su fitar da shi ba, saboda buhun kwal ɗaya yana yin girki da ɗumama ɗaki a lokaci guda, a farashin da wutar lantarki ba ta iya yi musu ba.